Magen da na tsinta, mai ita ta fito

Assalamu alaikum 'yan guruf. Admin ka sakaya sunana, ni tsohuwa ce a Diffa, vokal, wato saƙon murya, na aiko ka rubuta mini. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kada wanda ya yi mini dariya don maganar mage ce.

Ni kaɗai nake a gida tun rasuwar maigidana. 'Ya'yana biyu, ɗaya na Yamai ɗaya na Damagaram, suna kira, ba na ce ba sa kira ba, amma portabul, wayar hannu, ba ta zama da mutum a tabarma. Wani yinin sai la'asar nake tuna ban buɗe baki na yi magana da kowa ba. Ana haka bara da damina wata mage fara mai baƙin kunne ta shigo mini, duk ta rame, na ɗan marmasa mata banda, shi kenan ta zauna. Na sa mata suna Baƙuwa. Ita nake wa faɗa, ita nake ba labarin ciwon gwiwata, in na idar da sallar asuba tana nan bakin darduma tana jirana.

Ban ɓoye ta ba, wallahi. Ni na san haƙƙin tsintuwa tun ina yarinya. Zamanin Nasara, ana saura kaɗan a samu mulkin kai, babana ya taso daga Damagaram da 'yar tiredarsa, lokacin Diffa ƙauye ce. Ina da ɗan barewa da na raina da madarar akuya, ya ɓace shekarar da kogin Komadugu ya cika ya tumbatsa, na yi kuka har na daina cin tuwo. Ashe wani Bafulatani ne ya tsince shi wajen Geskeru, ya kai magana gun bulama, wato mai gari, aka yi ta shela ranar kasuwa. Al'adar ita ce mai tsintuwa ba ya faɗin kama duka, yana riƙe shaida ɗaya, mai abu ne zai faɗe ta. Aka tsayar da ni gaban manya na ce akwai tabon ƙuna a ƙarƙashin cikinsa. Mutumin ya kwance igiyar ya miƙo mini, ko ruwa bai tsaya ya sha ba. Har yau ina sa shi a addu'a, sunansa ma ban sani ba.

To haka na yi da Baƙuwa. Na sa aka yi cigiya a masallacin unguwa, na sa mai shela ya zagaya kasuwar Talata, na riƙe shaidata, yatsa ɗaya babu a ƙafarta ta baya. Shiru. Ni ina na san yanzu ba a kasuwa ake neman abu ba, a waya ake nema? Na ce na fita haƙƙi, na saki jiki da ita.

Sai makon jiya a wannan guruf ɗin na ji vokal ɗin wata baiwar Allah, Hausarta da karin Barebari. Ta ce tun bara take cigiyar magenta guruf guruf, daga wajen Bosso ta fito da ita cikin zane lokacin gudun hijira, ita kaɗai ce abin gidansu da ya rage mata. Ta ce fara ce mai baƙin kunne, sunanta Yagana. Ina ta cewa a raina farare ai da yawa, sai ta ce kuma yatsa ɗaya babu a ƙafar baya.

Na gaya wa ɗana na Yamai, ya ce haba Inna, mage ce fa, a mayar ya sa a kawo mini wata, har biyu ma. Na kashe wayar, raina ya ɓaci, kamar buhun shinkafa ake magana. Maƙwabciyata kuma ta ce na yi cigiya, na ciyar shekara guda, in yi shiru abina, wa ya sani? Muka rabu ba daɗi, don na ce mata ni na sani.

Jiya da hantsi Baƙuwa tana cin banda a gindin darbejiya, na ce bari in gwada. A hankali na ce, Yagana. Wallahi ta bar kifin ta taho da gudu tana kuka tana leƙen bayana, irin gudun da ba ta taɓa yi mini ba.

Na san abin da Bafulatanin nan zai yi, amma shi yana da shanu da iyali da zai koma wa. Ku gaya mini tsakani da Allah, in kira matar nan ko in yi shiru? In na kira ta, rashin kunya ne in roƙe ta ta riƙa barina ina zuwa ganin magen? Kuma in na mayar, gobe da asuba wa zan ce wa ina kwana?