Hoton da Inna Ta Kasa Gani

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Kawu ya warke, ya koma shagonsa da faɗansa. 'Yar wajena kuma ta fara tafiya, ba abin da take bari a kan tebur.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki biro, don kai a waya kullum kamar ana korarka. Idonta na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagun ma likita ya ce kada mu sa rai zai kai baɗi. Yanzu sai ta kawo abu daf da hancinta take ganinsa. Hoton da ka turo, ta juya wayar ta juya, ta ce ita haske kawai take gani. Shi ne na ce bari in kai a wanko mata shi babba, kamar faɗin taga.

Mai hoton, wani dattijo mai tabarau a goshi, yana buɗe shi a kwamfuta ya girgiza kai. Wai hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera, naka kuwa ɗigon bai taka kara ya karya ba, don daga cikin taron abokan aikinka ka yanko kanka, waya kuma ta ƙara matse shi a hanya. Ya ce in aka ja shi fashewa zai yi. Ka san ni da kafiya, na ce ya dai buga.

Da muka rataye shi a falo, daga bakin ƙofa kai ne sak, har da karkata kan nan naka. Amma Inna ta sa aka sauko mata da shi kan cinya, ta kai fuskarta kusa. A nan kuwa ba kowa, Yaya, sai ƙananan akwatuna, wani baƙi wani ruwan ƙasa. Ta daɗe tana neman tabon girarka, na faɗuwar da ka yi daga keken Baba. Daga baya ta ce in kama yatsanta in ɗora mata a inda idonka yake. Na ɗora, na shige kicin na sha kukana. Shekara tara fa ke nan rabonta da ganinka.

Don Allah ka nemi mai kyamara ta gaske, ka tsaya a hasken rana, fuskarka ta cika hoton, ba hula ba tabarau. Ka turo shi yadda ya fito daga kyamarar, ta imel ɗin mai hoton da na rubuta a bayan takardar nan. Kada ka ce min sai sati mai zuwa.

Kawu da Gwaggo suna gaishe ku, maigidana ma haka. A shafa min kan yara. Inna ta hana a mayar da hoton bango, yana jingine a gefen gadonta. Na faɗa mata laifin hoton ne, ba ta yarda ba. Kullum da safe sai ta wanke fuska ta sake ɗauka, wai ko yau idon zai ɗan washe.

Taka har kullum,
Auta