Ni Na Sa Direba Ya Bi Wanwe, Shi Ke Tsare, Ni Ina Gida

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku 'yan'uwa masu karatu. Allah Ya saka da alheri kan yadda kuke sauraron damuwar mutane. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma don Allah kafin kowa ya tsine mini ya daure ya karanta har ƙarshe. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi.

Ni ɗan kasuwa ne, shekarata goma sha bakwai a Agege. Ina saro tumatir da tattasai a Mile 12 in kawo wa masu kasawa a nan unguwa. Duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya shiru kan tuƙin Legas. Direban bas ɗin haya da ake ce wa danfo ya tsaya tsakiyar titi yana lodi, ɗan okada ya kutsa tsakanin tireloli biyu da mace da goyo a bayansa, wani ya sha abin da ya sha ya hau sitiyari, duk ni ne mai faɗa. Har cewa nake tun da soja suka koma bariki kowa ya zama gwamnan kansa a kan titi. Ashe ina zagin abin da ke cikina ne.

Akwai wani bawan Allah da ke ɗaukar mini kaya a akori-kurarsa, zan kira shi Malam Sule duk da ba sunansa ba ne. Mutumin Maraɗi ne, dattijo mai sanyin hali. Lasisinsa, da shi yake ce wa farmi, kullum yana cikin leda a aljihun gaba. Shekara huɗu muna tare ko akuya bai taɓa bugewa ba. Wata bakwai ke nan, wata ranar Talata da hantsi, mun taso da kwando talatin, muna wuce Ikeja muka tarar da gosulo. Awa biyu ba mu matsa ba. Rana ta take, ruwan tumatir ya fara ɗiga ta ƙasan mota, ni kuwa ina kallon danfo suna tsallakawa ɗaya hannun suna bin wanwe, wato hannun motoci masu tahowa, suna wucewa abinsu.

Na ce, "Malam Sule, bi bayansu mana."

Ya ce, "Alhaji, ni ban saba ba. Mu yi haƙuri, za a buɗe."

Na ce, "Haƙurin me? Kaya na ruɓewa kana kira mini haƙuri? Nan Legas ce, ba Maraɗi ba. In tsoro kake ji ka faɗa, gobe in nemi namiji ya ɗaukar mini kaya."

Wallahi haka na faɗa masa, dattijon da ya girme ni. Ya dube ni, ya karya kan mota. Da muka shiga ɗaya hannun ma ban bar shi ba, ina ta cewa ya taka kafin 'yan sanda su gan mu. Sai ga wata mata Bayarabiya mai tallar burodi, da faranti a ka, za ta tsallaka. Ta duba ɓangaren da mota ta saba zuwa, ta ga ba komai, ta sako ƙafa. Me zai sa ta dubi wajenmu? Wa ya ce mata mota za ta fito ta nan? Har yau ina jin ƙarar, ina ganin burodin nan warwatse a kan kwalta.

Mutane suka yo ca. Kun san yadda garin nan yake a 'yan shekarun nan, ƙaramin abu sai ya koma rigimar ƙabila. Malam Sule ya fita da gudu ya nufi matar yana salati. Ni kuwa na buɗe ƙofa ta ɗaya gefen, na cire hulata na cusa a aljihu, na shige cikin taro kamar ɗan kallo. Ina tsaye ina gani suka rufe shi da duka har 'yan sanda suka ƙwace shi. Matar ta cika kafin a kai ta asibiti. Daga baya na ji 'ya'yanta uku.

Da na dawo unguwa na ce wai na sauka tun a Ikeja don in nemi wata mota, ban ga abin da ya faru ba. Kowa ya yarda, har matata. Abin da ya fi ci mini rai, da aka zauna a ƙofar masallaci ana jajantawa, wani ya ce, "Ai Alhaji ya daɗe yana faɗa, tuƙin ganganci ba ya ƙarewa da alheri." Na gyaɗa kai. Na gyaɗa kai, jama'a!

Sau ɗaya na iya zuwa gidan yarin da yake jiran shari'a. Ya rame, idonsa na hagu bai ƙara buɗewa daidai ba tun dukan nan. Na kasa haɗa ido da shi. Shi ya fara magana.

"Alhaji, sun tambaye ni ko da wani a motar, na ce ni kaɗai ne. Kana da iyali. Kuma ni ke riƙe da sitiyari, da na ƙi ai da ba ka ƙwace ba."

Na fashe da kuka, shi ke ba ni haƙuri. Ya ce ya fara azumin kaffara a ciki. Ya ce abu ɗaya ke hana shi sukuni, ko wa ke kula da 'ya'yan matar nan.

To ni fa? Kaffarar tana kaina ko ba ta kaina? Na kasa tambayar limaminmu don ya san muryata, ya san fuskata. In na je kotu na faɗi gaskiya, wani da na tambaya a kaikaice ya ce mini ba lallai ta rage masa komai ba, sai dai mu zama mu biyu a ciki, kuma in mayar da shi maƙaryaci a gaban alƙali. In na nemi dangin matar, da wane baki zan fara, kuma wa zai tare mini in abin ya tashi? In na yi shiru, haka zan tashi gaban Allah?

Jiya na kai wa matar Malam Sule cefane kamar yadda nake yi duk Juma'a. Ta durƙusa daga bayan labule ta ce, "Alhaji, duk cikin abokan hulɗarsa kai kaɗai ka riƙe amana. Allah Ya yi maka yadda ka yi mana." Na ce amin don ba yadda zan yi, na fito.

Wata mai kamawa za a koma kotu. Don girman Allah ku faɗa mini, ni yanzu me zan yi?