Rigunan Sanyin da Tela Ya Ɗinka

Zuwa ga Maman yara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki. Ya auta da karatu? Mun sauka lafiya, ni da Direba da Kafinta da Mai Kemis. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu na tsaya, yau kuma yatsun ma sun ƙi lanƙwasuwa. Direba zai ɗauki hoton takardar ya turo miki.

Sanyin garin nan ba na wasa ba ne. Ƙanƙara ta rufe motoci kamar an zazzage musu gishiri. Mun hau wata doguwar hasumiya muka hango gadoji da jiragen ƙasa, amma Kafinta ƙofofin mutane kawai yake bi yana ƙwanƙwasawa, wai yana jin katako. Rigunan sanyin da na ɗinka mana daga hoto sun yi kyau, har wata tsohuwa ta tsaya tana kallonmu. Na ɗauka sha'awa ce, ashe tausayi ne. Hoto ba ya nuna cikin riga, ni kuwa shafi ɗaya na sa, irin na kwat ɗin ofis.

Na san abin da ke bakinki. Ban je wajen ɗanki ba, kuma ba zan je ba. Yawon buɗe ido muka zo a hutun nan. Yaron da ya farke wuyan rigar da na ɗinka a gaban mai kaya, ya sake ɗinkawa, ai ya san hanyar gida. Shekara shida da na ce ya kwashe almakashinsa, ya kwashe kuwa har ƙetaren teku.

Mijinki mai rawar ɗari,
Tela

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta maƙwabta, jiya mun wuni a gidan tarihi, ba don son tarihi ba. Mai Kemis ya yi awa guda a gaban ƙasusuwan wata dabba, ma'aikacin wurin har ya zo yana yi masa bayani, bai san na'urar ɗumi ce a gindinta ba. Yanzu jarida muke cusawa a cikin riguna, in muna tafiya sai ka ce awaki sun shiga shagon takarda.

Kafinta ya fara tari mai nauyi, wannan kam babu dariya a ciki. Direba ya ce ya san wani shagon gyaran kaya, ya zaro adireshi daga aljihu. Tun daga nesa na gane rubutunki. Ashe da ke aka haɗa baki, ni ina ta yabon kaina na zaɓi gari.

Bari in faɗa miki abin da na kasa faɗa a ɗaki. Wuyan da ya sake ɗinkawa ya fi nawa zama. Tun a ranar na gani, shi ne ma abin da ya ƙona ni. Tsorona in shiga ya dube ni kamar kowane mai kawo gyara. Amma tarin Kafinta ni na ɗinka masa shi da hannuna. Gobe zan je.

Ki sa ni a addu'a,
Tela

Zuwa ga Maman yara,

Ina gaishe ki, gaisuwar wanda aka ci da yaƙi. Kafinta da sauƙi sosai.

Shagon ɗan ƙarami ne, sai an sauka matakala, keken ɗinki biyu da teburin guga. Ɗanki kansa na kan aiki, bai dube ni ba ya ce a ajiye a tebur. Ya ɗauki rigar ya juya cikinta, ya bi ɗinkin da babban yatsa, sai ya tsaya. Ya gane ɗinkina, ya ɗago ya dube ni.

Na ce, “Gyara na kawo. Telan da ya yi ta bai san sanyi ba.”

Ya ce ɗinkin ba shi da aibi, sai dai dole a farke shi duka. Ni na miƙa masa rezar. Kafin la'asar mun gama huɗun, shi a keke, ni ina yanka auduga, tsofaffin banzan nan suna shan shayinsa suna cewa yau Tela ya koma koyon aiki. Ina kallon allura na yi masa maganar wuyan nan. Shi ma yana kallon allura ya ce bai kamata ya yi a gaban mutane ba.

Da za mu tafi ya ce in tsaya, ya zagaya ƙirjina da tef. Ya ce, “Baba, ka rame.” Na ce jaridar ce na cire. Wai sabuwar riga zai ɗinka min, kuma irinta sai an gwada sau biyu. Na farko jibi. Na biyun ya ce a gida zai yi min shi, da hutu mai zuwa.

Ki share ɗakinsa, ki kwashe ƙyallayen da na tara a ciki.

Mijinki, yaron shago,
Tela