Allurar da Ba a Yi Miki Bayaninta Ba

Zuwa ga Adda Balki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya sa kina cikin rahama, ina sanar da ke cewa ɗiyarki Hassi ta haihu, namiji. Ƙafarta ta hagu ta kumbura kamar yadda taki ta yi, likita ya ce gudan jini ne a jijiya, ya ɗora ta kan allurar tsinka jini. Shi ya sa tsohon ɓacin raina ya taso.

Kin tuna kwanciyarki asibiti bayan kin haife ta, zamanin soja? Tsohuwar hefarin, maganin tsinka jinin, suka fara sa miki, cikin ƙarin ruwa, ana ta ɗibar jininki ana aunawa har kika ce sun mai da ke rijiya. Rannan suka cire ruwan da safe, da la'asar suka ce ƙarfin maganin ya fita daga jikinki. Duk gidanmu muka riƙe wannan.

Sai aka sallame ki da sabuwar hefarin, 'yar ƙaramar allura da ake yi a fatar ciki sau ɗaya a rana. Abin da ma'aikaciyar jinyar ta ce kawai, tana tauna cingam: "A yi mata kullum da sahe." Ba ta ce wannan takan wuni ta kwana tana aiki a jiki ba. Ba ta ce maganin da ke karya ƙarfin tsohuwar gaba ɗaya, wannan rabi-rabi yake karya ta ba. Ba ta ce kada reza ta taɓa ki ba.

A gida, a Gawon Nama, Goggo ta dubi ƙafar ta ce, "Mataccen jini na, sai ƙaho ya hidda shi." Don ƙauna ta faɗa. Har jira aka yi sai la'asar, wai don allurar safe ta gama fita, sannan aka kira wanzami.

Jinin tsagar ya ƙi tsayawa, Adda. Zane bayan zane, ga jinin haihuwa ya dawo, ke kuwa dama ba ki da na kirki a jiki. Motar mijinki ta kwana a layin mai, a ƙasar da ke haƙo man. Kafin a samo wata, leɓɓanki sun yi fari.

Mutane suka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, amma har yau ban yafe wa ma'aikaciyar jinyar nan ba. Maganar da ba ta fi a faɗa tsaye ba ta hana ki.

Saboda ke na koyi aikin jinya. A ɗakinmu na asibiti abokan aiki suna min tsiya wai na cika surutu, don ba na sallamar mai allurar nan sai ta maimaita min da bakinta wace iri ake yi mata, da abin da ba za ta yi ba. Su yi ta faɗa.

Jiya na je duba Hassi a Minanata, na tarar da wanzami a zaure da jakarsa, surukarta ce ta aika a kira shi. Na gaishe shi da mutunci, na ce ya koma. Na zaunar da su duka na yi musu bayani, sannan na faɗa wa Hassi yadda kika rasu, don ita zazzaɓi aka ce mata. Ta yi kuka, ta ja zane ta rufe ƙafarta.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya bar wa yaron nan uwarsa.

Ƙanwarki,
Kulu