Kashin Jaki a Darasin Yumɓu

Gazawa, daren Talata

Tukwane goma sha bakwai muka gasa makon jiya, duka suka tsage, alhali sau uku na tankaɗe yumɓun kamar yadda littafi ya ce. Ga inspekta zai zo Litinin ganin aikin ɗalibaina.

Da safe na je Gangara wurin Iya Tabawa mai ginin tukwane, na miƙa mata tsingaron tukunya guda. Ta shinshina, ta ce, "Ɗan nan, ina kashin jakin?" Na ce a Yamai ba a koya mana haka ba. Ta ce shi ya sa mutanen Yamai ke shan ruwa a roba.

Ta ce busasshen kashin ake dakawa, a cuɗa da yumɓu. Don haka da la'asar ga ɗalibaina, 'yan sakandaren lise, cikin kayan lakol, wato na makaranta, suna tsintar kashi a turken jakunan kasuwa. Direktan makarantarmu ya wuce a babur kamar bai san mu ba.

Alhaji Idi, uban ɗalibina Sani, shi ya tsaya. "Malam, jakuna huɗu na sayar don kada yaron nan ya ƙare a bayan jaki. Yau ga shi a bayan jakin wani!"

Na bayyana masa yadda ciyawar da ke cikin kashin ke ƙonewa ta bar wa tururi hanya, kada tukunya ta tsage. Ya saurara tsaf, sannan ya ce in tukunyar Sani ta sake tsagewa, shago yaron zai koma.

Sani ya fi kowa hannu a ajin. Asabar za mu gasa. Ban taɓa dogara ga jaki haka ba.