Lallen Asama'u

Litinin, 3 ga Yuli
Na leƙa gona da hantsi, sai ga mutum uku a tsakiyarta da wata na'ura mai ƙafa uku, sun tattake min gero. Ko sallama babu. Wai masu awon sabuwar hanya ne. Babbansu, wani Shago, ya ce doka ta ba su damar shiga in sun sanar, kuma sun sanar da mai unguwa. Na ce, "Mai unguwar ne ya shuka geron?" Na fatattake su. 

Talata, 4 ga Yuli
Nababa mai unguwa ya ce mantawa ya yi. Ka ji fa.

Alhamis, 6 ga Yuli
Sun dawo, kuma na san ba ni da ikon hana su. Gero ba shi ne damuwata ba, zai tashi. Lallen da matata Asama'u ta dasa a kan iyakar gonar ne, tun shekarar da aka kawo ta gidan nan. Tun da ta rasu, can nake zuwa in zauna. Jajayen turakunsu kuwa sun nufo shi sak. Tsoro nake ji, gaskiya.

Asabar, 8 ga Yuli
Shago ya zo zaure, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Baba, mun yi laifi, a yafe mana." Na tambaye shi ko hanyar za ta iya kauce wa lallen. Ya ce, "Ba za ta kauce ba, Baba." Da ma ƙarya ya yi min, ko na samu barci. Ya ce innarsa a Shanono ma tana da lalle, in aka yanki reshe yanzu da damina aka kafa, yana kamawa. Na ce ban tambaye shi ba.

Laraba, 12 ga Yuli
Ina durƙushe a bayan lallen ina cire ciyawa, Shago bai gan ni ba. Ya tsaya a bakin gona, yaransa a bayansa, ya rangaɗa sallama. Gonar da yake zaton ba kowa! Na yi shiru don mugunta. Ya sake yi, ya jira. Sai da na ga ya juya za su tafi na amsa.

Asabar, 15 ga Yuli
Yau awo ya iso kan lallen. Ni na riƙe musu sandar awon, ba don komai ba, yaran nan ba su san inda ake taka ƙafa ba. Shago na can nesa yana ɗaga hannu, "Dama kaɗan, Baba." Na matsa. Daidai inda Asama'u take shimfiɗa tabarma. Turken ma na karɓa na buga da kaina.

Rassan lallen da na yanka na kafa a bayan gida, ɗaya ya fara toho. Ban gaya masa ba tukuna.