Dashen Shinkafa a Makon Jarrabawa

Lamjung, farkon watan Asar, lokacin dashen shinkafa

Zuwa ga ƙanena Dilliram,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kuma zafin Doha bai ƙarasa dafa maka ƙwaƙwalwa ba. Ya aiki, ya abokan ɗaki? Aama, mahaifiyarmu, lafiyarta ƙalau, tana sa maka albarka. Ɓaunarku ta haihu, mace.

Na zaɓi takarda ne don na lura duk lokacin da na fara magana a waya sai layinka ya lalace. Ɗan gidan Gurung da zai koma aiki shi zai kawo maka.

Jiya matarka Junu ta zo shagona na littattafai ido a kumbure, wai ka ce ta bar jarrabawar ƙarshe sai baɗi. Shekara uku yarinyar nan tana tatsar ɓauna tun da duhu, ta gangaro ajin safe na kwalejin garinmu, ta koma kafin rana ta take ta yanko ciyawa. Firamaren ƙauyenku ta ce gurbin malama nata ne in ta kawo takardar shaida bana, in ba haka ba za su ɗauko wata daga birni. Kai kuma kana can saman benen wani kana cewa sai baɗi.

Na san hujjarka: parma. Matan unguwa sun shiga gonarku sun dasa muku shinkafa, yanzu layi ya zo kan nasu gonakin, dole gidanku ya mayar da hannu, ranakun kuma sun faɗo a makon jarrabawa. Na kuma san gidan da ya ci parma bai rama ba, baɗi shi kaɗai zai tsaya cikin taɓo. A gidan nan aka haife ni kafin a haife ka. Da akwai 'yan ƙwadago da mun ɗauka, to duk kuna can tare.

Yau na je wurin shugaban kwalejin, Malam Homnath, na ce ya ɗaga jarrabawar. Ya kira ni yaya kamar kowa, ya ce, “Didi, jami'a ce ke sa rana daga Kathmandu, su kuwa a faranti kawai suka san shinkafa.” Na buɗe baki zan sauke masa abin da na tanadar maka, sai ya ce in zauna in sha shayi. Wai 'yan ajin farko ba su da darasi a makon, kuma ba yau kwalejin ta fara fitar da ɗalibarta daga gona ba.

Kada ka ƙara kiran Junu da wannan zancen. In kana da magana, ni ka kira, in layin ya yarda.

Yayarka,
Tulasa

Lamjung, ƙarshen watan Asar

Ƙanena Dilliram,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka. Mu duka lafiya, ban da ƙuguna, kuma kai ne sanadi.

Malam Homnath ya tara 'yan matan ajin farko, muka hau tudu wurin tsohuwa Dhanmaya, wadda ke tsara wa matan unguwarku layin gonaki. Ta dube su sama da ƙasa ta ce, “Ni hannun gidan Dilliram nake bi, ba hannun masu jan farce ba.”

Na ce, “Iya, kwalejin nan ta gidan wa ce? Ba bishiyar mijinki aka sare aka yi mata rufi ba? Ba ke kika ɗauki yashi a kwando daga rafi ba?”

Ta ce, “Na ɗauka, har yau wuyana bai manta ba.”

Na ce to yaran ɗakin da ta gina ne suka zo.

Ta murza tabarta. Can ta ce ta yarda da 'yan matan, amma a kowace gona sai an ga mace ɗaya ta jinin gidanku, in ba haka ba haya ce, ba parma ba. Aama ba ta iya sunkuyawa, ka sani. Tsohuwar ta tsare ni da ido tana murmushi da haƙoranta biyu.

Dilliram, rabona da taɓo tun kafin aurena. Na karanta littattafai a kan manoma fiye da duk mutanen tudun nan, babu ɗaya da ya ambaci matsattsaku. Na ɗaure zane na shiga. Matan suka yi ta waƙa da sunana, ɗaya ta ce, “Didi, tsiron ba shafi ba ne, daina lasar yatsa.” Wata ta ce layina ya karkace kamar hanyar motar ƙauyenku. Na ce mata ai shinkafar ba ta san layi ba, a tukunya ɗaya za su haɗu. Malam Homnath ya naɗe wando zai taya mu dashe, suka kore shi, wai aikin mata ne, ya je ya kama garma. Shanun suka ja shi har gonar da ba a gayyace shi ba. Da rana muka ci dakakkiyar shinkafa da kindirmo a bakin kunya, 'yan matan nan masu jan farce kuwa sun riga kowa kai ƙarshen layi, don su ma duk 'ya'yan gona ne.

Junu ta rubuta takardunta duka. Kullum tana fitowa daga ɗakin jarrabawa sai ta hau tudu ta karɓe ni, ko ruwa ba ta tsayawa sha. Ranar ƙarshe tsohuwa Dhanmaya ta shafa mata taɓo a goshi ta ce gidanku ya fita bashi, baɗi za su zo.

Har yanzu ina fushi da kai, amma ba na iya zama in rubuta shi da tsawo.

Yayarka,
Tulasa

Lamjung, ana shirin bikin Dashain

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Sakamako ya fito, Junu ta ci. Ta fara koyarwa ranar Lahadi, kuma jikokin tsohuwa Dhanmaya biyu suna ajinta. Na ji ka kira ta kun yi ta dariya har katinka ya ƙare. Madalla.

Saura abu ɗaya. Malam Homnath ya ce kwalejin ba sadaka ta yi muku ba, parma ce. Bayan bikin za su fara ginin sabon aji, kuma suna bin gidanku hannun namiji. Na ce masa sun yi sa'a, muna da gwanin gini zai zo hutu. Ka taho da takalmin aikinka.

Yayarka mai ƙaunarka,
Tulasa